Nazari Kan Jinkirin Wani Magidanci Wajen Sayen Baldur's Gate 3

Wasan kwamfuta na shiga rigar jarumi wani nau'in wasa ne da mai yin sa yake ƙirƙirar mutum guda, ya zaɓa masa asali da sana'a da hali, sannan ya jefa shi cikin duniyar almara mai cike da dodanni da matsafa, inda kowace shawarar da ya yanke take sauya abin da zai biyo baya. Tushensa shi ne Dungeons & Dragons, wasan da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, wanda ake yi da takarda da fensir da wata ƙwaya mai fuska ashirin da ake jefawa domin a san ko jarumi ya ci nasarar abin da ya yunƙura. A kan dokokin wannan wasa ne kamfanin Larian na ƙasar Beljiyam ya gina Baldur's Gate 3, wanda ya fito ranar 3 ga Agusta 2023, ya kuma zama gwarzon wasan shekarar a bikin The Game Awards. An yi rubutu mai yawa kan waɗanda suka sayi wasan, amma an yi sakaci da waɗanda suka tsaya shawara, kuma wannan giɓi ne mai wannan rubutu, wani magidanci ɗan Kano mai dogaro da albashi, ya cike da kansa ba da son ransa ba.

Labarin wasan yana farawa ne da jarumin da wasu mugayen halittu suka sace, suka cusa masa wata tsutsa ta ido har cikin ƙwaƙwalwa, don haka dole ya nemi magani kafin ya rikiɗe ya zama irinsu. Akwai sana'o'i goma sha biyu da ake zaɓa, ciki har da mayaƙi da matsafi da ɗan sane, amma wadda ta tafi da hankalin magidancin ita ce ta maroƙi, wanda da zaƙin baki kawai yake iya sa abokin gaba ya ajiye takobi, baiwar da ta burge mutumin da bai taɓa iya sa mai kayan miya ya rage masa ko sisi ba.

Matsala ta farko ita ce farashi, domin a Steam, wato kasuwar intanet ta kamfanin Valve inda ake sayar da wasanni, an sa wa wasan dala 59.99, kuma a lokacin da wasan ya fito dala tana kusan naira 900 a kasuwar bayan fage, abin da ya kai kuɗin sama da naira 50,000 a ƙasar da mafi ƙarancin albashinta a wancan lokacin yake naira 30,000. Magidancin, da yake mutum ne mai kaifin lissafi, sai ya ga hikima ita ce a jira dala ta sauko. Ta biyu kuwa ita ce hanyar biya, saboda a wancan lokacin bankuna da yawa sun dakatar da sayayyar ƙetare da katin naira, wanda hakan ya sa ko mai kuɗi a hannu sai ya nemi wani ɗan'uwa mai katin dala, ya kuma bayyana masa, ba tare da jin nauyi ba, cewa mutum mai furfura a gemu yana son ya zama maroƙi a ƙasar dodanni.

Matsala ta uku ta shafi ita kanta na'urar. Wasan yana buƙatar gurbin ajiya na gigabait 150 a kan faifai mai sauri da ake kira SSD, da ƙwaƙwalwar aiki wato RAM ta aƙalla gigabait 8, da kuma katin zane, wato sashen da yake fitar da hotunan wasa a kan allo. Da aka kai kwamfutar magidancin titin Beirut, mai gyara ya juya ta, ya saurari kukan fankarta cikin girmamawa, sannan ya ce: "Ranka ya daɗe, wannan baiwar Allah ta yi wa ƙasa hidima, a bar ta ta ƙarasa da mutuncinta." Duk da wannan nasiha, magidancin ya sayi SSD ya ƙara RAM, a bisa hujjar cewa ba ya halatta a yanke hukunci kan wasa alhali babu inda za a zuba shi, sai bayan an ɗaure kusoshi aka sanar da shi cewa katin zane a jikin allon injin yake, ba ya cirewa.

Domin guje wa cinikin biri a sama, sai ya duba ƙa'idar mayar da kuɗi ta Steam, wadda ta tanadi cewa mai saye yana iya fasawa cikin kwana 14 muddin bai yi wasa na sama da awa biyu ba. Lissafi ya nuna cewa, da irin intanet ɗin unguwarsu da yadda wuta take zuwa gaisuwa ta koma, wa'adin zai iya cika kafin wasan ya gama sauka, kuma ko da ya sauka, awa biyun za su ƙare ne a wurin zaɓa wa jarumi gemu da murya da launin ido. Saboda haka ya koma kallon masu buga wasan a YouTube, da sunan bincike, yana sayen data dare bayan dare, har ya san wanda zai ci amana da wanda zai tuba, ya kuma fara ba su shawara da ƙarfi alhali ba sa jin sa.

A irin wannan wasa jarumi ba ya tafiya shi kaɗai, yana da abokan tafiya waɗanda ake nuna amincewarsu ko ƙin amincewarsu a gefen allo duk lokacin da ya yi wani abu, kuma an gano cewa gidan magidancin yana da wannan tsari tun kafin kamfanin Larian ya sa shi a wasansa. Uwargida, bayan ta saurari bayanin tsutsa da dodanni har ƙarshe, sai ta ce: "Malam, wato kuɗi za ka biya a sa maka tsutsa a ka, ka kuma yi ta yawon neman magani? Ga kuɗin makarantar yara nan, shi kyauta yake hana barci." Ɗan ƙanwarsa kuwa, wanda aka gayyato a matsayin ƙwararre, ya ce: "Kawu, ka bar kwamfutar a wurina in gwada maka ita," kuma tun daga ranar wani tsohon wasan ƙwallo ne yake cin moriyar sabon faifan.

Da shawara ta gagara, magidancin ya yanke cewa a warware lamarin da dokar wasan kanta, wato jefa ƙwaya, sai dai da yake babu mai fuska ashirin a gidan, an ari ta ludon yara mai fuska shida, aka kuma amince cewa huɗu zuwa sama yana nufin a saya. Ƙwayar ta ba da biyu. A nan ne ya yi amfani da wata dabara da 'yan wasa suka sani, ta ajiye wasa kafin jifa da komawa baya idan sakamako bai yi daɗi ba, ya yi ta maimaitawa har shida ta fito, sai kuma tsoro ya kama shi, ya ce ƙwayar ta gangaro daga kan tabarma, don haka jifar ba ta inganta ba. Yaran, waɗanda ake hukuntawa idan suka yi irin wannan a ludo, sun lura da abin da ya faru, kuma har yau suna kafa hujja da shi.

Ana cikin haka watan Fabrairun 2024 ya kama, dala ta haura naira 1,500, wasan da bai ƙara ko sisin dala ba ya tashi naira 90,000, yayin da kuɗin da aka kashe a faifai da RAM da data, bisa ƙididdigar uwargida wadda ba a samu kuskure a cikinta ba, suka zarce farashinsa na farko. Sakamakon nazarin shi ne magidancin ya samu duk abin da irin wannan wasa yake alkawari, wato doguwar tafiya da asarar dukiya da saɓani da abokan tafiya da jifar ƙwaya, ba tare da ya mallaki wasan ba. A zaman ƙarshe na iyali ya gabatar da ƙudurin cewa lallai za a saya, amma sai ranar da dala ta dawo naira 900, kuma uwargida, wadda take bin labaran kasuwa a rediyo kullum safiya, ita ce ta fara goyon bayan ƙudurin, har ta nemi a rubuta shi a sa hannu.