Masu Gudu Ba Wanda Ya Kore Su

A watan Janairu, idan gari ya waye a Ottawa, babban birnin Kanada, ma'aunin sanyi kan sauka digiri 14 ƙasa da sifili, wata rana ya zarce 25. Ruwan mashigin Rideau yakan daskare har ya zama hanya mai tsawon kilomita 7.8 da mutane ke zamiya a kanta. Mai hankali a irin wannan safiya bargo yake ƙara ja. Amma ka leƙa hanyar da ke gefen mashigin, za ka ga mutane suna sassarfa, tururi na fita daga bakinsu. Duk wanda ka tambaya zai ce lafiya yake nema. Sanyi kuwa ba ya rufa wa kowa asiri, da ka zuba ido sai ka ga abin da ya fito da kowannensu.

Ɗan gajeren wando. Shi za ka fara gani, don dama ya fito ne a gan shi. Hula a ka, safa a hannu, amma daga cinya zuwa idon sawu tsirara. Gwiwoyinsa sun yi jajir, shi kuwa yana murmushi. Ka ce masa sannu da sanyi, ya ce, "Yau ai gari da daɗi." Leɓensa ne kawai ba ya goyon bayansa, don kalmomin da ƙyar suke fita.

Alhaji Kayan-aiki. Riga uku ce a jikinsa bisa ƙa'ida: ta ciki ta ulu mai tsotse gumi, ta tsakiya mai riƙe ɗumi, ta waje mai tare iska. Takalminsa Icebug ne na ƙasar Suwidin mai ƙusoshi a ƙasa, agogonsa Garmin, ga fitila a goshi saboda a Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe huɗu da rabi. Shirinsa ya fi gudunsa tsawo. In kuka haɗu zai gaya maka kuɗin kowane abu tun ba ka tambaya ba, sannan ya juya gida, wai safar hannun da ya sa ta digiri 10 ƙasa da sifili ce, yau kuwa 12 ake yi.

Malam Tsimi. Kishiyar Alhaji. Ya ɗauko tsohon takalmi ya ɗaura masa gajerun sukurori a tafi, ya zura safar ƙafa a hannu, ya lafta basilin a kumatu. Dabarar tana aiki, shi ya sa Alhaji ba ya son ganinsa. Matsalarsa ɗaya: yakan manta ya shiga gida da takalmin, kuma daɓen gidajen can na katako ne. Sauran labarin yana wajen uwargida.

Mai lissafin iska. Wannan ba ruwansa da abin da ma'auni ya nuna, sai abin da jiki ke ji idan an haɗa da kaɗawar iska. Ma'auni ya ce 18, shi ya ce 29. Ya haddace gargaɗin hukumar yanayi cewa idan lissafin ya kai tsakanin 28 da 39 ƙasa da sifili, fatar da ba a rufe ba tana iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30, kuma zai karanta maka shi da fuskarsa a buɗe. Kafin ya isa ofis 29 ɗin ta zama 35. Kafin a tashi aiki, shi da mutanen ƙarshen duniya sun yi kunnen doki.

Ɗan Strava. A wurinsa gudun da manhajar Strava ba ta rubuta ba, ba a yi shi ba. Yakan tara gemu tun daga Nuwamba saboda hoto ɗaya tak: numfashi ya daskare a kai, gira ta yi fari. Mu an ce mana in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa. Shi kuwa in ya ga na wani ya kama ƙanƙara, hassada yake yi. Babban abokin gabansa batir ne, don sanyi yana zuƙe cajin waya. Ranar da ta mutu masa a tsakiyar hanya, sai ka gan shi tsaye ya rasa dalilin da zai sa ya ci gaba.

Mai alkawarin sabuwar shekara. Ya yi rajistar tseren da shagunan Running Room ke shiryawa a sabuwar shekara, ya sanar da dangi da abokan aiki cewa bana sabon mutum za su gani. Makon farko kullum yana hanya. Mako na biyu gudun ya soma ƙarewa a ƙofar shagon kofi na Tim Hortons. Zuwa Fabrairu za ka same shi a bakin mashigi da kayan gudu tsaf, yana cin soyayyen BeaverTails mai sukari da kirfa. Niyyar dai tana nan, ƙafar ce ta yi murabus.

Sarkin santsi. Akwai ruwan saman da ke sauka a matsayin ruwa, da ya taɓa ƙasa ya daskare, ya shimfiɗa ƙanƙarar da ido ba ya gani. Masu wayo kan rage taku. Shi kuwa sai ya buɗe ƙafa. Idan ya sha ƙasa, abu na farko shi ne tsayar da agogo kada a lissafa masa lokacin kwanciya. Na biyu ya waiga ko an gan shi. Sai na uku ya duba ko ƙugun yana nan.

Wanda kare ya fito da shi. Ba shi da niyyar gudu ko kaɗan. Karen ne ke gaba, sanye da 'yan takalma huɗu saboda gishirin da ake watsawa a hanya yana cin tafinsa. Kowa ya wuce karen yake gaisarwa.

Baba mai shiru. Tsohuwa ce, rigar sanyinta ta girmi rabin masu gudun. Ba agogo, ba hoto, ba bayani. Takunta gajere ne, ba ya sauyawa. Ɗan gajeren wando kan wuce ta da gudu a farkon hanya, ita kuma ta wuce shi a dawowa ta ɗaga masa hannu. Wannan ɗaga hannun ya fi sanyin ƙona shi.

Ɗan'uwanmu sabon zuwa. Ɗalibi ne da ya zo karatu, wanda a gida hunturun digiri 12 ke hana shi wankan safe. Abokai sun ja shi. Ya sa singileti, rigar auduga biyu, suwaita, jibgegiyar rigar sanyi, ya naɗe kai har ido. Masu gudun can suna da ƙa'ida: ka sa kaya kamar garin ya fi haka ɗumi da digiri 10, don jiki zai yi zafi a hanya. Shi ya ce wannan maganar wanda bai san darajar ransa ba ce. Kafin kilomita ɗaya gumi ya jiƙe shi, auduga kuwa ba ta sakin ruwa, da ya tsaya sai ta koma masa ƙanƙara a baya. Duk da haka bai fasa kiran gida ta bidiyo ba, a ga jarumta. Hajiya ta ƙura wa wayar ido, ta ga farin gari, ta ga ɗanta yana haki majina ta daskare.

"Wa ya biyo ka?"

"Ba kowa, Hajiya. Motsa jiki ne."

"Ba su ba ka ɗaki ba ne?"

"Sun ba ni, har da na'urar ɗumi."

Ta yi jim, sannan ta juya ta ƙwala wa ƙaninsa kira, ta ce maza ya je wajen Malam a sa yayansa cikin addu'a.