Ranar da Na Zama Wanzamin Kaina

Rowa ce ta ja mini, ba wani abu ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, mai shagon askin unguwarmu ya shiga ƙara kuɗi, wai janareta ba ruwan rijiya yake sha ba. Ni kuwa Allah Ya yi ni da gemu mai tsiro kamar ciyawar damina: a kwashe shi ran Juma'a, kafin Talata ya dawo da 'yan'uwansa. Na zauna na buga lissafin shekara guda, na ga kuɗin ya kusa sayen ɗan akuya. Nan take na yanke shawara, daga yau ni ne wanzamin kaina.

Ran Litinin na nufi kasuwar Shuwarin. A shimfiɗar wani mai tarkacen gwanjo, tsakanin tsofaffin kwaɗuna da agogunan da suka daina numfashi, na tsinci aska irin ta Turawa, mai naɗewa cikin ƙotarta. A gindinta an buga "Solingen", garin nan na Jamus da ya yi suna wajen ƙera wuƙaƙe da almakashi da asake. Mai kayan ya ce, "Alhaji, wannan ƙarfe ba ya mutuwa, wasawa kawai yake so." Ni da ko filin jirgi ban taɓa shiga ba, jin an kira ni Alhaji ya hana ni neman ragi.

To, saura wasawa. Na ce a raina, mutumin da ke zaune a garin da sunansa ma Dutse ai bai kamata ya rasa dutsen wasa aska ba. Duk inda ka waiga ga su nan, sun hau kan juna kamar an jera su da hannu. Da la'asar sakaliya na haura wajen Garu, tsohon gari inda fadar Sarki take, na zaɓo wani ɓalli mai faɗi na sako a buhu. Ashe duwatsun namu irin waɗanda ake fasawa ne a yi tsakuwar kankare da titi, ƙwayoyinsu manya, masu kaushi.

Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na riƙe askar yadda na ga mahauta suna riƙe wuƙa: na ɗaga bayanta, na danna bakinta da iya ƙarfina, gaba da baya, ƙarar tana tashi har haƙorana suna amsawa. Uwargida ta leƙo daga madafi.

"Baban Ummi, layya za a yi ne ba a gaya mana ba?"

Ban kula ta ba. Da na ga ƙarfe ya yi fari, sai na tuna wanzamai kan goga aska a jikin fata. Na zare bel ɗina na zuwa aiki, na ɗaura a hannun ƙofa, na tura askar baki a gaba. Tafiya ɗaya ta raba shi biyu. Maimakon in ji haushi, sai na ji daɗi. Na ce abin da ya yanka fatar saniya, gemu kuma nawa yake?

Da hantsin Juma'a na shafa kumfar sabulu, na tsaya gaban madubi. Jan farko, askar ba ta yanki gashi ko ɗaya ba, fizgo su ta riƙa yi kamar ana figar kaza ba ruwan zafi. Hawaye suka zubo ba da izinina ba. Har na fara zargin ko gemun nan ya sha maganin tauri ne ban sani ba. Na ƙara dannawa. Nan na gane cewa in ma gemun ɗan tauri ne, fatar da ke ƙarƙashinsa ba ta sha komai ba. Kafin in ankara, layi uku sun sauko a kumatun dama, jini na bin kumfa, rabin gemu ya tafi, rabi yana nan daram.

Ga lokacin masallaci ya gabato. Na tono wani tsohon takunkumi da ya rage tun zamanin korona na 2020, na rufe ɓarnar. Bayan an sallame, wani abokina ya ja takunkumin ƙasa, ya dube ni ya ce, "Ikon Allah! Yaushe ka koma Babarbare ba a gayyace mu tsagar ba?"

Washegari na kai kaina wajen wani tsohon wanzami da ke zama a inuwar darbejiya. Ya karɓi askar, ya dubi fuskata, ya sake duban askar.

"Wa ya yi wa baiwar Allah nan haka?"

Askar yake nufi, ba ni ba. Ya ɗaga ta a rana ya nuna mini bakinta, duk giɓi kamar zarto. Sannan ya buɗe zabira ya fito da duwatsu biyu 'yan ƙanana, ɗaya ma sumul kamar sabulu, ya ce na mahaifinsa ne. Ya ɗiga ruwa, ya kwantar da askar shame-shame, baya da baki duk suna taɓa dutsen.

"Ka ga kaurin bayan nan, ɗan boko? Maƙeri ba don ado ya yi shi ba. Shi ne ke riƙe wa baki karkatarsa. Ka ɗaga shi, ka kashe aska. Kuma ba a danna ta, nauyinta ya ishe ta."

Ya riƙa tura ta baki a gaba, a hankali, kamar mai son fere dutsen, in ya kai ƙarshe ya juya ta a kan bayanta, kowane gefe adadi ɗaya. Ya daɗe a kan mai ɗan kaushin har giɓin ya ɓace, kana ya koma kan mai santsin. Da ya zo kan fata sai ya sauya: baya ne a gaba, baki na biye, fatar a miƙe tam. Ya ce fata ba ta cin ƙarfe, miƙar da kaifi kawai take yi. Na tuna marigayi bel ɗina, na yi shiru. Daga baya ne na karanta cewa masu wannan harka a ƙasashen waje lamba suke ba duwatsunsu: a ɗora baki a kan mai 1000, a wuce 4000, a ƙare a 8000, har akwai wani rawayan dutse da ake haƙowa a Beljiyam musamman don irin wannan aiki.

Ya shafa askar a damtsensa, gashi ya zube ba ko ƙara. Na gyara zama na miƙa masa sauran gemun. Sai na ga ya naɗe ta ya ajiye, ya ɓare sabuwar reza.

"Baba, ita fa?"

"Tun da aka wayar mana da kai a kan ciwon hanta da ƙanjamau, kowa da rezarsa. Taka kuwa, Allah kaɗai Ya san fuska nawa ta bi kafin ta iso Shuwarin."

Na biya kuɗin wasawa, na biya na aski, na biya na sabon bel. Da na haɗa da kuɗin askar da na mota, sun fi askin wata uku a shagon mai janareta. Dutsen Garu dai bai yi asara ba, uwargida na goge kaushi da shi, ta ce ba ta taɓa samun irinsa ba.

Mai son aska 'yar Jamus, wasasshiya, wadda aka yi rabin aski da ita, ya neme ni a Dutse. Ba zan yi masa tsada ba.