Ranar Da Na Yi Wa Rigunan Kujera Wankan Jego

Tun farko gara in faɗi gaskiya: kujerun ba nawa ba ne. A gidan Bahaushe miji ne da muhalli, amma abin da ke cikin ɗaki, daga gado har ludayi, na matar ne, ubanta ya saya. Ni aron zama nake yi. Saiti ne cikakke, mai cin mutum uku, mai cin biyu, da ƙanana biyu, kowane mazauni da kushin ɗin zama da na jingina. In ka lissafa riguna 14 ke nan, ruwan madara, kowacce da zif a baya. Ranar jere sai da gwaggonninta suka yi ta shafa su suna sa wa uban amarya albarka.

To, maiɗakina ta yi haihuwar fari, aka tafi da ita wankan gida. Kwana 40 cur. Aka bar ni a Kano ni kaɗai, tsakiyar hunturu, lokacin da ƙura ke shigowa ɗaki ko da ka toshe ƙofa da tsumma. Ƙura dai ba laifina ba ce. Amma abokaina da suka mayar da falon majalisar kallon ƙwallo, wannan ni na buɗe masu ƙofa. Aka ci tsire a kan kujera, aka sha shayi a kan kujera. Ranar da wani ya yi tsallen murnar cin ƙwallo da kwanon wake da manja a cinyarsa, ranar ruwan madara ya tashi daga ruwan madara.

Saura kwana uku ta dawo na kira mai wanki da guga na unguwarmu. Ya duba, ya jinjina kai, ya faɗi kuɗinsa. Na ce masa wanki na ce, ba sayen sababbi ba. Ya ce, "Yallaɓai, irin wannan yadin lallaɓa shi ake yi." Na sallame shi. Ni da na yi makarantar kwana, wa zai koya mini wanki?

Iliminmu na gwauraye ya nuna cewa manja ba ya jin magana sai da ruwan zafi. Haka nake wanke kwano. Saboda haka na aro babbar tukunyar biki a maƙwabta, na haɗa murhu a tsakar gida, ruwa ya tafasa har yana ɓararraka, na zuba omo, na tsunduma riguna 14, na sa muciya ina juyawa kamar mai tuƙa tuwon suna. A raina har ina cewa, can gidansu ana yi mata wanka da ruwan zafi da ganyen darbejiya, nan ma ga kayanta ana yi musu nasu. Na shanya su a rana. Iskar hunturu ba ta wasa, kafin la'asar sun bushe ƙayau. Na bi su da dutsen guga mai gawayi, ya yi zafi jau. Wallahi sun yi fes, har wani ƙyalli suke.

Bayan isha'i na ɗauko soson farko zan mayar masa da rigarsa. Rabinsa ya shiga, rabi ya tsaya a waje yana kallona. Na ce ko na yi musanye ne, rigar jingina ce na ba na zama. Na gwada dukkan 14, ɗaya bayan ɗaya. Babu wadda ta san mai ita. Kamar ka ɗauko kaftanin Sallar da kake aji uku a firamare ka ce yau sai ya shige ka.

Na danna da gwiwa. Na hau na zauna. Na ninke soson biyu na cusa, ya miƙe ya mare ni a haɓa. Da ƙyar da gumi, cikin sanyin hunturu kuwa, na shigar da guda, na kama zif na ja. Ya tafi rabin hanya, ya ce ƙiii, sai ga kansa a hannuna.

Da asuba, daga masallaci, na biya wajen wani dattijon tela mai ɗinkin labule. Ya juya rigar ciki waje, ya nuna mini wani ɗan ƙyalle fari da aka ɗinka a gefe, wanda ban taɓa sanin da shi ba. Hoton baho ne, da lamba 30 a cikinsa.

"Malam, ka san ma'anar wannan?"

Na ce ko lambar kamfani ce.

"Zafin ruwan wanki ne. Kada ya wuce 30. Kai nawa ka ba su?"

Ruwa dai a 100 yake tafasa, wannan ko ɗan firamare ya sani. Na yi shiru.

Ya ce yadin auduga a jaye yake. Tun wajen kaɗi da saƙa ake miƙar da zaren, a ɗaure shi tamau, haka yake zuwa kasuwa. Da ya ji ruwa, balle mai zafi, ga murza, sai ya saki jiki ya koma yadda Allah ya halicce shi. Shi ya sa telan da ya san aikinsa yake jiƙa yadin auduga ya bushe kafin ya sa almakashi. Shi kuwa soso ba ruwansa, yadda yake jiya haka yake yau. Rigar kujera kuma ba babbar riga ba ce da za a bar mata sarari. Cif ake yanka ta, inci ɗaya ya tafi, magana ta ƙare. Ya ce da ruwan sanyi na yi, na shanya a inuwa, na mayar da su da sauran danshi, da sun bushe a jikin soson sun ɗauki siffarsa.

Amma ya ba ni dabara. In jiƙa su a ruwa mai ɗumi kaɗan, in zuba irin man da mata ke sa wa gashi bayan wanki don ya yi laushi, in bar su kamar rabin awa, sannan a samu mutum biyu su yi ta ja a hankali. Soson kuma in sa shi a babbar leda don ya yi santsi, in ya shiga in zare ledar.

Shawarar ba ta da aibu. Aibun yana kan madubin maiɗakina, inda na tarar da kwalabe sun fi goma, kowacce da hoton mace mai gashi. Na ɗauki wadda ta fi ƙamshi. Ashe man kitso ne. Rigunan da na raba da manja jiya, yau na yi musu wanka da wani man. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Na sake wankewa, wannan karon da ruwan randa. Na kira almajirin gidanmu, ya kama gefe na kama gefe, muka yi ta ja a tsakar gida kamar masu rabon gado. Shida suka yarda suka shiga, da taimakon leda da addu'a. Sauran takwas suka kafe.

A nan ne Shaiɗan ya kawo tasa shawarar: tunda riga ta ƙi girma, me zai hana soso ya ragu? Na ɗauko wuƙar yanka burodi. Wanda bai taɓa yanka soso ba ba zai gane ba. Kana yanka nan yana gudu can. Na rage nan, ya karkace, na rage can don ya daidaita, ya ƙara karkacewa. Kafin tsakar dare duka sun shiga, falon kuwa ya cika da ɓarɓashi kamar an yi fiɗar rago mai ruwan ɗorawa. Na share, na jera su, na toshe giɓin da ƙananan matasai, na kunna turaren wuta, na rage haske.

Washegari da yamma motar 'yan rakiya ta iso. Mata tara, da jaririya, da buhunan gara. Na gaishe su a tsugune kamar surukin kirki, na koma bakin ƙofa ina addu'ar kowa ta zaɓi tabarma. Kakarta, wadda Allah ya hore wa jiki, ta nufi mai cin mutum uku kai tsaye. Ta zauna. Kushin ya zame gefe, zif ya ce ɓarrr, soso ya leƙo da tabon wuƙa a jikinsa, ita kuma ta nutse har sai da katako ya gaishe ta.

"Kai angona! Yunwar da ka sha ce ta sa ka cinye kujerun jikata?"

Ɗakin ya ɗauki shewa. Maiɗakina ba ta yi dariya ba. Ta ɗaga kushin ɗaya, ta juya shi, ta shinshina.

"Maigida, wannan ba man kitsona ba ne?"

Ranar Asabar ina Kantin Kwari ina ƙirga kuɗin yadi, daga nan na wuce wajen masu soso, na ƙare a shagon dattijon tela. Abin da na kashe ya ninka kuɗin mai wanki sau ashirin da wani abu. Shi kuwa mai wankin, har yau in na wuce sai ya ɗaga murya ya ce, "Yallaɓai, ya aiki?"

Bana Allah ya sake ba mu ƙaruwa. Ba haihuwar fari ba ce, amma ta ce gida za ta je wanka. Ranar tafiya ta cire riguna 14, ta ninke su, ta sa a akwati tare da kayan jariri, ta lulluɓe kujerun da tsohon zanin gado. Kwana 40 na yi a kan tabarma.