Sirdin da Ya Fi Ni Ladabi

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da sabon shugaban ƙasa ya ce tallafin mai ya tafi, babur ɗina ya shiga azumin dole. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haye 500 kafin mu gama salati, albashin malamin makaranta kuwa yana nan inda aka yanke masa cibiya. Na ɗan lallaɓa da man kwalba na 'yan bumburutu, da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa sai na jingine babur a soro, na lulluɓe shi da tsohon zanen uwargida, na ce ya jira ni har ƙasa ta gyaru.

Niyyata in sayi baƙin keke irin na iyayenmu, Raleigh ko Phoenix, mai kariya da ƙararrawa, wanda ake ɗora wa buhun masara da yara biyu bai ce uffan ba. Amma mai gwanjon kekuna ya dube ni sama da ƙasa, ya hango biro a aljihuna.

"Haba Malam! Ɗan boko guda a kan keken masu tallar kalanzir?"

Ya ja ni ƙuryar rumfa ya nuna min wani keken hawan duwatsu da ya ci ƙuruciyarsa a Turai. Tayoyi ɓul-ɓul masu haƙora, giya rututu, birki na faifai. Ba kariya, ba ƙararrawa, ba marfin da ke tare laka. A hannun hagu, daidai ƙarƙashin babban yatsa, akwai wata 'yar kunama. Na tambaye shi aikinta.

"Wannan ai na musamman ne, Malam," in ji shi, yana kallon wani wuri. Daga yadda ya kawar da kai na san shi ma bai sani ba, amma hakan bai hana shi ƙara kuɗi a kanta ba.

Hanyar gidana ta ƙofar gidan surukina take bi, kuma bayan la'asar tsohon yana kan tabarma shi da abokansa. Ka'ida ita ce in sauka tun daga nesa, in tuɓe takalmi, in durƙusa. Ina shirin yin haka sai wata akuya ta ratso titi da 'ya'yanta. Hannuna ya nemi ƙararrawa bai samu ba, sai na ce a raina wataƙila kunamar nan ita ce odar Turawa. Na danna.

Sululu! Sirdi ya nutse da ni. Kafin in ankara gwiwoyina sun kusa haɓata, tafin ƙafafuna sun dafe ƙasa, keke ya ja ya tsaya cak a bakin tabarma, ga ni a durƙushe a kansa. Abin da ya rage min ɗaya ne.

"Baba, barka da yamma."

Tsoho ya gyara zama ya dubi abokansa. "Kun gani ko? A zamanin da yara ke gaida mutum a tsaye hannu a aljihu, shi wannan har kekensa durƙusawa yake yi."

Aka yi ta sa min albarka. Na miƙe a kan ƙafafuna don in sauka in cika ladabi, ashe yatsana ya sake taɓa kunamar. Fau! Sirdi ya dawo sama da ƙarfinsa, ya same ni a wurin da ba a ambata a gaban suruki. Idanuna suka kawo ruwa, murya ta ɗauke.

"Allah sarki," in ji Baba. "Yaro mai kunya. Ɗan yabon nan har ya sa shi hawaye."

Da daddare na kira ɗan yayata da ke karatu a jami'a, wanda ba abin da bai gani a waya ba. Ya zagaya keken, ya danna kunama, ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Kawu, ka san abin da ka sayo kuwa? In sabuwa ce, wannan sandar kaɗai ta fi kuɗin da ka ba da."

Ya zaunar da ni ya yi min karatu. Ya ce in tuna kujerar ofishin shugaban makarantarmu, wadda ake jan hannu ta sauka, a tashi ta dawo. To haka cikin sandar yake: iska ce a matse, da mai, da wata 'yar ƙofa a tsakaninsu. Waya ce ta taso daga kunamar ta bi ta cikin bututun keken har gindin sandar. Ka danna, ƙofa ta buɗe. In kana zaune nauyinka ya kai sirdi ƙasa, in kana tsaye iska ta cillo shi sama, ko me ya tarar a hanya. Ka saki, ya tsaya inda yake. Yawancinsu suna sauka milimita 100 zuwa 200.

"To don me?" na ce.

Ya ce don gangara. Mai hawan dutse yana son sirdi a sama in zai hau tudu, don ƙafa ta miƙe ta ba da ƙarfi. In zai gangaro kuwa, sirdi mai tsawo turo shi gaba yake yi har ya kifa ta kan keke, don haka yana son ya kawar da shi, ya kai jikinsa ƙasa da baya. A shekarun 1970 samarin da suka fara wannan wasa a dutsen Tamalpais, kusa da San Francisco a Kalifoniya, sai sun tsaya suke kwance sirdi da hannu. A 1984 ɗayansu, Joe Breeze, shi da abokin aikinsa suka fito da wani ƙarfe mai tsalle da suka kira Hite-Rite, wanda ke mayar da sirdi mazauninsa. Daga nan abin ya yi ta haihuwa har ya kai ga wadda ta kunyata ni. Ya kuma nuna min bidiyon wani ɗan Sulobeniya, Matej Mohoric, wanda a Maris ɗin 2022 ya ɗaura irin wannan sanda a keken tsere, ya sauke sirdi a gangaren Poggio, ya zubo a guje ya bar zakarun duniya a baya, ya lashe tseren Milan zuwa San Remo a Italiya.

Wannan bidiyo ya hana ni barci. Matsalar ita ce Kano shimfiɗaɗɗiya ce. Dutsen Dala matakala gare shi, Goron Dutse kuma ba hanyata ba ce. Gangaren da Allah ya hore min shi ne gadar sama ta Ƙofar Nassarawa. Na hau ta da nishi, da na kai ƙoli na danna kunama, na lafe a kan keke, na saki birki. Wallahi abin da yaron ya faɗa gaskiya ne: keke ya kama ƙasa, iska tana kaɗa min kunnuwa, na ji shekaruna suna zubewa a baya. Sai dai a gangaren Italiya an tare wa Mohoric hanya, ni kuwa a gindin gada wani mai A Daidaita Sahu ya hango fasinja ya taka birki ba sallama. Na damƙe nawa. Keke ya tsaya, ni ma na tsaya, hulata ce kawai ba ta ji labari ba. Ta wuce ta faɗa cinyar wata Hajiya da ke kujerar baya. Ta miƙo min ita da yatsu biyu.

"Malam, da girmanka?"

Amma fa a faɗi alheri inda yake. A cikin cunkoso sandar nan ni'ima ce. Duk wanda ya daidaita sirdi yadda ya kamata, wato in ya ɗora diddige a feda tana ƙasa ƙafarsa ta miƙe sak, ya san in aka tsaya a danja da ƙyar yatsunsa ke taɓa ƙasa. Shi ya sa mutanenmu da yawa ke barin sirdi a ƙasa, su yi ta tuƙi a tanƙwashe har gwiwa ta fara ƙara. Ni kuwa na samu duka biyun: ina tafiya a sama, in an tsaya in nutse in dafe ƙasa da tafin ƙafa biyu, ina kallon masu babur da tausayi. Hawa da dogon kaftani ya yi sauƙi, ba sai na wurga ƙafa sama ba. Babban ɗana ma yana sauke sirdi ya je aike. Har a ɗakin malamai aka fara ce min Injiniya.

Sai hunturu ya shigo da ƙurarsa. Masu irin wannan sanda a can ƙasashen suna goge ta bayan kowace fita, su kai ta a kwance a sauya mata mai da robobi a kai a kai. Tawa kuwa ƙurar Kano take sha safe da yamma. Ga kuma dokin ƙofar soronmu mai tsawo, wanda kullum sai na kama sirdi na ɗaga keke in tsallakar da shi, sau da yawa sirdin yana ƙasa. Ashe wannan ne babban abin da irin wannan sanda ta ƙi jini: in ka ja ta sama da ƙarfi tana sauke, iska kan tsallaka ta shiga wurin mai. Daga nan sai ta fara laushi. Da farko yatsa guda take nutsewa, na ce wannan ai ƙarin jin daɗi ne. Daga baya ta daina jiran kunama. Ina barin gida dogo, kan titin Zariya in zama matsakaici, in isa ƙofar makaranta wada. Ɗalibai suka gano, suka riƙa taruwa a bakin ƙofa da safe suna musu a kan tsawon da zan iso da shi.

Ranar ɗaurin auren ɗan shugaban makarantarmu na ari babbar riga ta shadda a wurin wan uwargida, ta sha aiki, ta sha guga. Na naɗe hannuwanta a kafaɗa na hau. Ina shigowa layin, jama'a sun cika, maroƙi ya hango ni ya ɗaga murya yana sanar da isowar malamin malamai. A daidai nan sanda ta ga dama ta tafi ƙasa gaba ɗaya. Bayan riga ya sauko kan taya, haƙoran taya suka cafke shi suka tura tsakanin taya da ƙarfe. Wuyan riga ya shaƙe ni ta gaba, na tafi baya ina kallon sama, sai ji na yi ƙyaaat! Samari uku ne suka kwance ni, suna juya taya baya a hankali. Da na miƙe, gaban riga lafiya lau, bayanta kuwa an buɗe taga. Masu magana sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Ni na gani da idona, jama'ar da ke bayana ma sun gani. Aka shafa fatiha ina jingine da bango, ban bar jikinsa ba sai da wuri ya watse.

Washegari na tura keke wurin Baba mai faci, a ƙarƙashin darbejiya. Maganin Baba iri biyu ne: baƙin mai da guduma. Ya fara da na farko, wanda ba abin da ya ƙara sai laka a wuyan sanda. Ya bi da na biyu. Da ya cire sirdi ya hango wani ɗan baki irin na tib, sai ya ɗauko ƙusa.

"Baba, yaron nan ya ce iskar ciki ta ninka ta taya sau da yawa."

"Yaro ne ai," in ji shi, ya soka.

Fss! Mai ya wanke masa gemu. Ya yi shiru yana goge fuska da hula.

"Tun zamanin Gowon nake gyaran keke, Malam. Ban taɓa ganin sirdin da ya tofa min yawu ba. Cire ta za mu yi."

Ya zaro wata sanda ta ƙarfe zalla daga tarin kayansa ya zura, ta faɗa ciki zuruf. Ashe sanduna ba kauri ɗaya gare su ba, kuma a jikin kowace an buga nata: tasa 27.2, ramin kekena 30.9, akwai ma 31.6. Baba bai ga abin damuwa ba. Ya yanka gwangwanin madara ya naɗa mata, ya ƙara wani, ya ɗaure tam. Ta daina nutsewa kam, sai ta koma juyawa. Duk wanda na waiwaya in gaisar, sirdi ma sai ya waiwaya ya zauna a can. In ci gaba da tafiya keke yana kallon gabas, ƙuguna yana kallon kudu. Ga ta gajera, har Baba ya zaro ta ta wuce layin da aka zana a jikinta. Da ɗan yayata ya gani ya dafe kai, ya ce layin nan dole ya kasance a cikin bututu, in ba haka ba wata rana bakin bututun ne zai tsage, a rasa keken ɗungurungum.

Shi ya yi ta yawon rumfunan gwanjo har ya samo mai 30.9, ta alminiyam, ba iska ba mai ba kunama, nauyinta bai fi rabin na waccan ba. Ya shafa mata giris don kada ta manne a ciki bayan damina, ya sa mata maɗauri mai hannu wanda ake buɗewa ba sifana. In ɗana zai je aike ya buɗe ya sauke, in ya dawo in mayar. Wannan aikin, da tsayuwa a danja, su ne iyakar abin da mai zuwa makaranta da kasuwa da masallaci ke nema a wurin waccan sandar, kuma na biyun jingina ƙafa a gefen kwalbati yana biyan sa. Sauran gwanintarta ta masu duwatsu ce, masu tsumman goge ta da bakaniken da ya san cikinta. Kuɗin ɗinkin sabuwar babbar riga kuwa har yau ana cire min a hankali.

Kwanan baya yaron ya sake zuwa da wayarsa yana murmushi.

"Kawu, ka ga sabuwar da ake yi yanzu? Ba waya ko ɗaya. Batir gare ta, caji kawai za ka riƙa yi mata."

"Caji? A unguwar nan?"

"Ai tana daɗewa, Kawu."

"To ranar da ta mutu tana ƙasa, ga shi an ɗauke wuta tun shekaranjiya, wa zai je makaranta a durƙushe, ni ko kai? Tashi ka zuba min ruwa a buta."