Masu Koyon Jita a Lafia Iri-Iri Ne

Sharar tsirkiyoyi shida a tafi ɗaya rufin asiri ce. Ko yatsa bai danna daidai ba, amon sauran zai binne ɓarnar. Asiri yana tonuwa ne ranar da malam ya ce a bar shara, a tsinci tsirkiyoyin kod ɗin ɗaya bayan ɗaya: babban yatsa ya tsare masu kauri ukun nan na sama, manuniya da yatsu biyu na kusa da ita su raba sirara ukun ƙasa. Nan kowace tsirkiya ke ba da shaida a kan maigidanta. Daga ɗakunan ɗaliban Jami'ar Tarayya har zuwa mawaƙan coci na Bukan Sidi, ga irin mutanen da za ka tarar.

Na farko Sarkin Sauri. An ce masa ya sa na'urar ƙirga bugu a kan 60 a minti, shi kuwa ya ga wannan tafiyar tsofaffi ce. Daga kod C zuwa G sai ya zubar da sauti biyu a hanya, ya waiwaya ya ce, "Malam, ai salo ne." Sauri dai ya haifi nawa.

Sai Shehin YouTube. Ya san sunan kowane irin tsinta, ya san wanda ya fi wani a Amurka, datarsa kan ƙare kafin sati ya zagayo. Duba kan yatsunsa na hagu, sumul, ko alamar kanta babu. Ka miƙa masa jita, sai ya tuna wayarsa na caji a shago.

Akwai Mai Laifin Jita. In tsirkiya ta yi zizar ƙuda, kafinta ne bai iya aiki ba, ko mai shagon hanyar Makurɗi ya cuce shi. Shi ne kuma ya jingine ta a bayan taga cikin zafin watan Maris har wuyanta ya lanƙwashe. In ka ba shi labarin Mdou Moctar na Nijar, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke, sai ya ce, "Ai wayar Nijar daban ce."

Ga kuma Gimbiyar Farce. Tana son kiɗa, tana son akaifa. An yi mata bayani cewa hannun dama na iya barin farce kaɗan, na hagu kuwa dole a yanke don kan yatsa ya sauka a tsaye. Ta ce a bari sai bayan bikin ƙawarta. Ƙawayen nata kuwa ba sa ƙarewa.

Jikan Makaɗa shi ne ya fi wuyar sha'ani. Kakansa ya kaɗa gurmi, don haka yatsa ɗaya ya ishe shi, sauran suna tsaye kamar 'yan rakiyar amarya. Hujjarsa ita ce Ɗan Maraya Jos ya zaga duniya da kuntigi mai tsirkiya ɗaya. Gaskiya ne. Abin da ya manta shi ne marigayin tun yana yaro yake tare da wannan tsirkiya, har ya bar duniya a 2015.

Kada a manta da Ɗan Jajibiri, wanda kan zo ranar Alhamis yana so ya kaɗa ranar Lahadi. "Oga, a taimaka, kod huɗu kawai." Uku za su shiga, F ta tsaya masa a maƙogwaro, domin sai manuniya ta danne tsirkiyoyi shida. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na ƙarshe ba ya ba da dariya, shi ya sa ba a cika labarinsa ba. Kullum bayan ya tashi daga aiki sai ya ba abin minti goma sha biyar: tsirkiya ta biyar, ta uku, ta biyu, ta ɗaya, ya dawo. In guda ta shaƙe, ya tsaya ya gyara yatsa. Maƙwabta sun gaji da shi, amma shi za a kira ranar biki.

Mai karatu, in ka ga kanka a cikin shidan farko, kada ka ji haushi. Yanke farce, rage gudu, ka bar kowace tsirkiya ta gama maganarta kafin ka taɓa ta gaba.