Bazazzagi, Injinka da Ɗingishinsa Aka Haife Shi

Gaisuwa gare ka, bawana na Zazzau, kai da sauran 'yan majalisarku ta ranar Asabar, dattawan da fansho ya sallama suka rasa abin yi sai kwance inji. Labari ya iso mana Kano cewa uwargida ta kafa doka, kada a sake wanke fistin a kwanon tuwonta, kuma kai ka shiga gaya wa duk wanda ya zo gaishe ka wai Kanawa ne suka sayar maka da jabun fulogi. Wannan ƙazafin ne ya sa na ɗauki biro. Da gorin gurasa ka yi mana kamar yadda ka saba, da na ƙyale ka.

Bari in warware wa masu karatu yadda aka yi. Mutumin nan yana da Peugeot 504 lafiyayyiya, irin wadda aka harhaɗa a Kakuri ta Kaduna, inda kamfanin ya fara aiki a 1975. Injinta mai silinda huɗu ne, wanda ko yaron gareji na Kwanar Ɗangora zai kwance shi ya mayar kafin la'asar. Rana ɗaya sai ya karanta cewa a 1978 wani Bafaranshe, Jean-Pierre Nicolas, ya lashe tseren Safari na Kenya da 504 mai silinda shida, ya ƙara da na Bandama a Kwaddibuwa a shekarar. Shi ke nan barci ya ƙaurace masa. Ya yi ta sintiri Panteka har ya samo injin wata matacciyar Peugeot 604 mai silinda shida, ya fitar da nasa mai lafiya ya jefar a kusurwa, ya cusa wannan. Bai karanta shafin da ke gaban wancan ba, inda zai ga cewa tun 1975 Ove Andersson ya ci Safarin da 504 mai silinda huɗu, dangin wanda ya jefar. Kuma motar Nicolas mai ƙofa biyu ce, Pininfarina na Italiya ya ƙera jikinta, injiniyoyin kamfani suka zauna a kan injinta. Taka kuwa, Malam, buhun masara ta saba ɗaukowa daga Giwa.

To, injin ya tashi, Allah ya sa. Amma in an bar shi a silo sai ya riƙa wata 'yar girgiza, salansa tana fitar da sauti bibbiyu da ɗan tsaiko a tsakani, kamar tafiyar mai ɗingishi. A nan aka fara gyaran gangar Auzinawa. An canza fulogi, an canza wayoyinsu, an canza kwayil. An juya taimin gaba, an juya shi baya. Wani a majalisar, tsohon malamin lissafi, ya ce a auna ƙarfin matsin kowace silinda; aka auna, duk shida suka fito kusan daidai, sai ya ce ma'aunin ne ya lalace. Wani ya kawo shawarar a yi turaren habbatus sauda a cikin bonet. Ban ce kai ne ba.

Saurara da kyau, domin wannan karatun kyauta ne, kuma ka san ba ɗabi'armu ba ce.

Sunan injin nan PRV, wato Peugeot da Renault da Volvo, kamfanoni uku da suka haɗa kuɗi suka ƙera shi a masana'antar Douvrin da ke arewacin Faransa, ya fito a 1974. Labarin da aka fi bayarwa shi ne mai silinda takwas aka tsara tun farko, sai aka datse biyu, ga kuma tsadar man fetur ta 1973 ta zo ta rufe maganar takwas ɗin. Abin da ba a canza ba shi ne buɗin da ke tsakanin sahun silinda na dama da na hagu, digiri 90, wanda takwas ya dace da shi. Inji irin wannan yana kammala aikinsa ne a juyi biyu na karanshaf, digiri 720 ke nan. Raba 720 gida shida, ka nemi malamin lissafinku ya taya ka: 120. Da kowace silinda za ta kama wuta bayan digiri 120, da sautin ya tafi sumul. To amma karanshaf ɗin naka wuya uku gare shi, sandunan fistin biyu suna tarayya a kan kowane wuya, ga kuma buɗin 90 ɗin nan. Saboda haka wuta takan kama bayan digiri 90, ta gaba sai bayan 150, sannan 90, sannan 150, har abada. Wannan shi ne ɗingishin da kake farauta tun kafin azumi. Babu fulogin da ke maganinsa, ko a Ƙofar Ruwa ko a Faris. Da shi injin ya fito daga masana'anta, da shi Nicolas ya ci tserensa, bai tsaya a gefen hanya yana zagin Kanawa ba.

Su kansu Faransawan sun ɗauki shekara goma kafin su gyara. Sai a tsakiyar shekarun 1980 suka raba kowane wuyan karanshaf biyu, suka goce ɗaya daga ɗaya da digiri 30, wuta ta koma kamawa a kan 120 daidai. Irin wannan ne a cikin 505 mai silinda shida da ta fito a 1986, mai cc 2849 da ƙarfin doki 170. Naka na farkon ne, mai cc 2664, doki 136 ranar da yake sabo fil. Yanzu kam, in an ƙirga da adalci, rabin dawakan sun mutu, sauran suna jiran dusa.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne, kana can kana bin cutar da babu ita, cututtukan gaske suna zaune a gabanka suna shan inuwa. Ɗauki kafireta. Injin nan biyu gare shi, duka Solex, kuma ba tagwaye ba ne: ƙarama mai maƙogwaro ɗaya ita ke ciyar da shi a tafiyar cikin gari, babba mai maƙogwaro biyu ba ta buɗewa sai zuƙar iskar injin ta ja ta. Robar da ke jan ta in ta tsufa ta tsage, ko ƙaramin tiyon ya huje, babbar ta yi barci ke nan. Shi ya sa da ka hau titin Kaduna ka take totur, motar ta yi gurnani mai ban tsoro, mai Keke Napep ya wuce ka yana ɗaga maka hannu. Masu irin wannan injin a Turai da yawa sun gaji da sasanta kishiyoyin nan, sun cire su sun ɗora Weber guda ɗaya sun huta. Kai kuwa ka ce asalin kaya kake so. Asalin kaya a cikin motar da aka yanka mata ƙarfe da walda kafin injin ya shiga!

Sai maganar ruwa, wadda a nan ne nake jin tsoron aljihunka, tunda na san ni za a zo wa rance. Gangar jikin injin nan alminiyom ce, silib ɗin da fistin ke gudu a ciki kuwa na ƙarfe ne, zura su aka yi, ruwan lagireto yana kewaye su kai tsaye, siririn abin toshi ne kawai a gindin kowanne yake raba ruwa da baƙin mai. Dokar ita ce in ka ɗaga tof silinda sai ka danne silib ɗin da ƙarfe ka ɗaure kafin kowa ya taɓa karanshaf. An ce ranar da kuka buɗe, kowane dattijo sai da ya kama sifana ya juya injin don ya ga fistin na hawa da sauka, kuna ta kabbara. In silib ya motsa ko da kaurin gashi ne, toshin ya tashi daga aiki. Je ka zaro sandar auna mai. In ka ga ta fito da launin shayi mai madara, kada ka nemi Bakano, nemi madubi. Kuma a daina ɗura masa ruwan rijiya tsura, yana cinye alminiyom daga ciki. A mayar da tamostat ɗin da bakanikenka ya cire ya ce wai na ƙasar sanyi ne. Baƙin mai ma a riƙa juye shi a kan kari, domin kamshaf ɗin injin nan, in hanyoyin mai suka toshe da dauɗa, sai ya side ya bar ka da ƙarar tafet da babu saitin da zai kashe ta.

Duk da haka ba zan rage maka komai a zaɓi ba, ko da yake bisa kuskure ka yi shi. An yi ta ƙera injin nan har 1998, kusan guda miliyan ɗaya. Ya shiga Volvo 264, ya shiga Renault 30, ya shiga Alpine A310 ta tsere, har ma da DeLorean, motar nan mai ƙofofi kamar fukafukai da Amurkawa suka yi fim da ita tana tafiya cikin zamani. Taka ma tana yin irin nata: duk wanda ya shige ta a Tudun Wada da hantsi, sai ya tsinci kansa a Samaru bayan isha'i.

Ga sharaɗina. Ka bar fulogi su huta, ka gyara robar kafireta, ka duba man nan. In ta tashi, ka tuko ta da kanka zuwa Kano, ba a bayan tirela ba, kuma ban yarda a biyo ka da igiya a wata motar ba. Zan jira ka a Na'ibawa, in na ji ɗingishin daga nesa na san kai ne. Ka taho da kuɗin sharar bara da na bana, ka haɗa da na wannan karatun, don na fasa bayar da shi kyauta.