Zif Ɗin Naira 500

Keken ɗinkin da ke ɗakin Maman Ummi Butterfly ne, ɗan Shanghai, baƙi mai zanen ruwan gwal, irin wanda ake takawa da ƙafa. Ni na saya mata lokacin da ta ce za ta koyi ɗinki. Ta iya siket, ta iya hular jarirai, sai sha'awarta ta koma kan sayar da turaren wuta. Tun daga nan keken ya samu ƙarin girma, a kansa ake ajiye filas ɗin shayi.

Ana dab da Sallah zif ɗin wandon kwat ɗina ya mutu, ga shi washegari ina da ganawa da manya a wurin aiki. Na je wurin telan bakin layinmu, na tarar da shi ya nutse cikin shaddojin mutane, idanu jawur. Ko kai bai ɗaga ba.

"Malam, canjin zif naira 500 ne, amma sai bayan Sallah."

Ɗari biyar a kan layi biyu! Na nannaɗe wandona, na biya wurin mai kayan ɗinki na sayi zif mai haƙoran ƙarfe, an rubuta YKK a jikin marikinsa. Ni ba na shiga abu da ka, don haka na zauna na yi bincike a waya. Na gano YKK kamfanin Japan ne da Tadao Yoshida ya kafa a 1934. Na gano wani injiniya ɗan asalin Sweden, Gideon Sundback, shi ya daidaita zif irin na yau a Amurka, aka ba shi takardar mallakar fasahar a 1917. Ina da tabbacin telanmu bai san ko ɗaya cikin waɗannan ba.

Maman Ummi na shirin fita gidan suna ta gan ni ina sauke filas.

"Baban Ummi, don Allah ka bari in dawo in duba maka."

Na ce ta tafi abinta, ta gaishe da mai jego.

Cire tsohon zif da reza aka ce ana yi, ɗinki ɗaya bayan ɗaya. Rezar da na samu sabuwa ce fil, mai zafin nama, ta cire zif ta haɗa da yadi wajen rabin taƙi. Aiki ya zama biyu ke nan, zif da faci. Na yanko ƙyalle daga ragowar atamfar Ummi, tunda ta ciki za a sa, wa zai gani?

Sai hawa keke. Abin da ba a faɗa wa mutum shi ne keken ƙafa yana da ra'ayin kansa. Dole ka fara juyo ƙaramar tayar da hannu ta wajenka, sannan ƙafa ta karɓa. In ka fara da ƙafa, sai ya ga dama ya juya baya, zare ya tsinke. Na zura zare a allura har idona ya fara ganin rami biyu. Da ya yarda ya tafi kuma, sama ɗinki tsaf, na juya ƙasan yadin na ga zare ya cukurkuɗe kamar taliya 'yar murji. Na zaro ƙwarƙwaron ƙasa na yi masa faɗa, na mayar. Daga baya Maman Ummi ta ce cukurkuɗewar ƙasa yawanci daga zaren sama take, in bai ratsa tsakanin faifan nan biyu masu matse shi ba. To, wanda ya ƙera inji ya sa ciwo a sama alama a ƙasa, shi ya kamata a tambaya.

Akwai kuma maganar takalmi, wato ƙarfen nan da ke danne yadi. Wanda ke jikin keken mai yatsu biyu ne, faffaɗa, ba ya barin allura ta matso kusa da haƙoran zif. Na zif yatsa ɗaya gare shi, siriri, kuma ashe yana cikin durowar keken tare da alli da man keke. Ni dai na danna na ci gaba. Allura ta sauka a kan ƙarfe, ji kake ƙas! Tsininta ya wuce ta gefen kunnena, har yau ba a gan shi ba. Ummi da ke leƙe ta bakin ƙofa ta ruga tana cewa Baba ya fasa keken Mama.

Wajen la'asar aiki ya kammala. Zif na tafiya sumul, ko tela sai haka. Na zura ƙafa, wando ya zo cinya ya tsaya cak. Ashe zif ɗin kansa a ƙasa yake, gindinsa mai ƙarfen tsayawa ya haɗe bakin ƙugu gam, ta ƙasa yake buɗewa. Aljihun hagu ma ya bi ɗinkin ya rufe, da takardar naira 1,000 a ciki, allura ta bi ta tsakiyarta. Facin atamfar nan kuwa, jan fure ɗaya ya leƙo waje daidai inda bai kamata fure ya fito ba.

Maman Ummi ta dawo, ta ɗaga wandon, ta ajiye, ta shige kicin. Na daɗe ina jin tukwane na rawa.

Bayan isha'i na sa shi a baƙar leda na koma bakin layi. Tela ya juya shi gaba da baya a ƙarƙashin fitila, ya kira yaransa su zo su gani, har da mai guga.

"Yanzu kam 1,500 ne. Amma Malam, tsakani da Allah, wane telan ne ya yi maka wannan?"

Na ce wani ne can bayan unguwa, bai daɗe da buɗe shago ba.

"Ka biya shi?"

Na ce dubu ɗaya, tana nan cikin aljihun.